Abin Da Ke Ɗaure Mashayi Ga Kwalba

A wannan mako za mu duba wata tambaya da ta daɗe tana damun iyaye. Me ya sa samari biyu za su fara kurɓar giya rana ɗaya, ɗaya ya tuba ya bari, ɗaya kuwa ya sayar da babur ɗinsa, matarsa ta yi yaji, amma ya kasa bari?

A shekarar 2000 Jihar Neja ta ƙaddamar da shari'a, zamanin Gwamna Abdulƙadir Kure, aka taƙaita sayar da barasa. A 2024 kuma hukumar NAFDAC ta ba da sanarwar hana giyar leda da ta ƙananan kwalabe. Duk da haka ba a rasa mashaya ba a Suleja, garin da ke bakin Abuja, mahaɗar matafiya da 'yan ci-rani. Dalili kuwa shi ne, doka tana iya rufe shago, amma wani sashe na matsalar a cikin kan mashayin yake.

A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani sinadari da ake kira sirotonin, wanda jijiyoyi ke aika wa juna saƙo da shi. Yana da hannu a barci, da cin abinci, da natsuwa, da kuma iya kame kai sa'ad da zuciya ta raya wa mutum wani abu. In mutum ya sha giya, sinadarin nan yakan ƙaru na ɗan lokaci, shi ya sa yake jin sakewa. Amma in shan ya daɗe, aikin sinadarin yakan raunana, sai ƙunci da rashin barci su biyo baya, mutum ya koma wa kwalba neman sauƙi, alhali ita ce ke ƙara masa ciwon.

A 1981 Dokta Robert Cloninger da abokan aikinsa suka bi tarihin maza 862 a ƙasar Suwidin, waɗanda aka rena a gidajen da ba na iyayensu ba. Suka gano mashaya iri biyu ne. Akwai mai farawa bayan ya manyanta, akwai kuma mai farawa kafin shekara 25, mai saurin fushi da rigima, wanda sau da yawa mahaifinsa ma mashayi ne, ko da bai tashi a gabansa ba. A 1983 likitocin ƙasar Finlan, Markku Linnoila da Matti Virkkunen, suka auna ruwan laka na waɗansu fursunoni, suka tarar alamar sirotonin ta yi ƙasa a jikin masu aikata ta'asa cikin hanzari ba tare da shiri ba.

Ɗan ƙasarmu ma ya taka rawa. Farfesa Bankole Johnson, haifaffen Nijeriya mai aiki a Amurka, ya buga sakamakon bincikensa a 2000. Ya ba mashaya maganin ondansetron, watau maganin amai mai toshe ɗaya daga cikin ƙofofin da sirotonin ke bi. Waɗanda suka fara sha da ƙuruciya suka rage, waɗanda suka fara da girma kuwa bai yi musu wani tasiri ba. Sai dai a lura, ba a amince da shi a matsayin maganin shaye-shaye ba, kada wani ya ruga kantin magani. Waɗanda likitoci suka fi bayarwa su ne naltrexone da acamprosate da disulfiram, tare da nasiha da sa ido.

Wannan bayani ba uzuri ba ne ga kowa. Sirotonin ɗaya ne cikin sinadarai da yawa da giya ke taɓawa, gado kuma kimanin rabin haɗarin yake ɗauka, sauran rabin yana ga abokai da tarbiyya da zaɓin mutum. Wanda bai taɓa kurɓa ba, gado ba zai sa shi maye ba.

Saboda haka iyaye su sa ido ga yaron da ya fara da wuri, musamman in akwai mashayi a zuriya, gama icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda kuma ya riga ya yi nisa, kada a kulle shi a ɗaki ko a sa masa mari a ce ya bari dare ɗaya. Yanke giya farat ɗaya yakan jawo karkarwa da gane-gane da farfaɗiya, har ya kai ga rasa rai. A kai shi asibiti, in ta kama a wuce da shi Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Allah ya shirye mu da zuriyarmu. Sai mako mai zuwa.