Taron Masana A Santambul: Zuwa Ko Ƙauracewa, Wanne Ya Fi Wa Ikilisiya Amfani?

Duk bayan shekara biyar, shehunan malamai na jami'o'in duniya masu binciken tarihin daular Rumawa ta gabas sukan yi babban taro. A wanda suka yi a Belgared cikin 2016, sun tsai da shawara cewa na 2021 a Istanbul za a yi shi, watau birnin da kakanninmu suke kira Santambul. Babu wurin da ya fi dacewa, gama nan ne gidan sarautar daular da suke nazari, tun shekara ta 330 da Sarki Kustantin ya mai da shi mazauninsa, har 1453 da Turkawa suka ci shi da yaƙi. Sarakunan Usmaniyya suka zauna a ciki, sai a 1923 Ankara ta zama babban birnin Turkiyya.

Amma taron bai yiwu a can ba. Ran 10 ga Yuli 2020 kotu ta soke dokar 1934 wadda ta mai da Aya Sofiya gidan kayan tarihi, Shugaba Erdogan kuwa ya sa hannu a ranar aka mayar da ita masallaci. Wannan gini Sarki Jastiniyan ne ya gama shi a 537, ya yi shekara wajen 900 yana babbar majami'ar Kiristan gabas kafin ya zama masallaci a 1453. Cikin watan nan na Yuli ƙungiyar masanan ta sanar cewa ta ɗage taron, kuma ba za a yi shi a Istanbul ba. Dalilan da ta bayar su ne annobar korona da damuwa kan yadda ake riƙon kayan tarihi. A ƙarshe an yi shi a biranen Benis da Paduwa na Italiya cikin Agusta 2022.

Mai karatu zai iya cewa, ina ruwanmu da taron farfesoshi? Ruwanmu na nan. Shaidar bangaskiya da muke faɗa a majami'unmu ran Lahadi, a Nikiya aka fara tsara ta a 325, garin da ake kira Iznik yanzu, aka kammala ta a Santambul a 381. Tarsus garin Manzo Bulus, da Antakiya inda aka fara kiran masu bi Kirista, da ikilisiyoyi bakwai na Ruya ta Yohanna, duk cikin Turkiyya suke. Saboda haka in ana gardama a kan zuwa ƙasar nan ko ƙaurace mata, kan gādonmu ake yi.

Waɗanda suka goyi bayan janye taron suna da hujja. Sun ga cewa in masana suka cika birnin kamar babu abin da ya faru, duniya za ta ɗauka sun yarda da abin da aka yi. Akwai kuma tsohon tabo. An taɓa yin wannan taro a Istanbul cikin Satumba 1955, kwanaki kaɗan bayan tarzomar 6 da 7 ga watan, lokacin da labarin an kai wa gidan da aka haifi Ataturk hari a Tasalonika ya sa gungun mutane suka far wa Helenawan birnin. An lalata dubban shaguna da gidaje, da majami'u kimanin 70. Masana suka zauna suna karanta takardu a kan majami'un dā, alhali na masu rai suna kwance a farfashe. Ba mai son a maimaita irin wannan.

Duk da haka sai mu tambaya, me ƙauracewar ta haifar? Aya Sofiya tana nan masallaci. A Janairu 2024 aka sa wa baƙi masu yawon buɗe ido kuɗin shiga Yuro 25, su kuma hau bene kawai. A Mayu 2024 aka buɗe tsohuwar majami'ar Kora, mai shahararrun zane-zanen rayuwar Yesu, ita ma a matsayin masallaci. Waɗanda suka yi hasara su ne malamai da ɗaliban Turkiyya da suka daɗe suna shirin karɓar baƙi, su ne kuwa masu ƙoƙarin nuna wa 'yan ƙasarsu cewa tarihin Kirista nasu ne su ma. An yi fushi da mai gona, bulala ta sauka a kan ɗan ƙodago.

Sai mu duba ɗaya hanyar. A ƙarshen Nuwamba 2025 Paparoma Leo na 14 ya je Turkiyya domin cikar taron Nikiya shekara 1,700. Ya yi addu'a a Iznik tare da Bartalamawas, babban shugaban ɗarikar Otodoks mai zama a Istanbul. Ya ziyarci babban masallacin Sultan Ahmed, ya kuma gana da shugabannin ikilisiyoyi a majami'ar Mor Efrem ta Kiristan Suriyawa. Ita ce sabuwar majami'a ta farko da aka gina tun kafuwar jamhuriyar Turkiyya, an buɗe ta a Oktoba 2023, Erdogan da kansa ya halarta. Ziyarar ba ta mai da Aya Sofiya hannun kowa ba, amma ta sa duniya ta ga fuskokin 'yan'uwan da aka manta da su.

Nan ne maganar take. Helenawa Kirista na Istanbul sun kai wajen 100,000 a shekarun 1920, yanzu 'yan dubbai kaɗan suka rage. Makarantar koyar da limamai ta tsibirin Halki, da aka rufe a 1971, ta yi shekara fiye da 50 ba ɗalibi. Ikilisiyar da ba ta iya horar da masu kiwonta tana cikin haɗari fiye da wadda ta rasa gini. Gaskiya kuma ta sa mu tuna cewa babban masallacin Kordoba a Sifen Kirista ne suka mai da shi majami'a a 1236, don haka ƙorafin gine-gine kowane ɓangare yana da nasa.

A ganina, masana su je, masu ziyarar ibada su ma su je. Sai dai kada su tsaya ga kallon bango da ɗaukar hoto. Su yi sujada tare da ikilisiyoyin da suka rage, su faɗa wa hukuma gaskiya cikin ladabi a kan 'yancin horar da limamai da gina wuraren sujada. Mu da muka san wahalar neman takardar filin majami'a a wasu garuruwanmu, mun san bambancin wanda ya yi mana jaje daga nesa da wanda ya zo ya zauna tare da mu.

'Yan'uwa, in mun tashi faɗin shaidar bangaskiya ran Lahadi mai zuwa, mu sa Kiristan Turkiyya da maƙwabtansu Musulmi cikin addu'a. Ubangiji ya ba ƙasarsu da tamu zaman lafiya. Amin.