SHARHI: Ƙarafan da ba sa ɓarnar lantarki, da tambayar da ke gaban Kano

A ranar 7 ga Oktoba, 2025, aka sanar a birnin Stockholm cewa John Clarke da Michel Devoret da John Martinis ne suka lashe kyautar Nobel ta fiziks, saboda gwaje-gwajen da suka yi a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1984 da 1985 da wata 'yar da'irar lantarki da aka haɗa da abin da masana ke kira sufakondakta. Labarin bai daɗe a kafafenmu ba, kuma da dalili. Shekara guda kafin nan, a Oktoban 2024, Kano da mafi yawan jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda cikin duhu, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, sannan layin Ugwuaji zuwa Apir ya samu matsala. Wanda injin casar shinkafarsa ya tsaya a Kura, ko mai tumatir da kwandunansa suka ruɓe a Kadawa, ba shi da lokacin sauraron labarin Stockholm.

Duk da haka, wannan fanni ya shafe mu ta fuska uku: wutar da muke nema, ma'adinan da ake haƙa a ƙasarmu, da kuma makomar ɗaliban da muke turawa makarantun kimiyya irin ta Dawakin Kudu.

Mene ne sufakondakta?

Manomin rani da gonarsa ke ƙarshen magudana a Bunkure ya san cewa ruwan da aka sako daga dam ɗin Tiga ba duka yake iso masa ba. Wani ya tsiyaye ta tsagar siminti, wani rana ta shanye, wani kuma ciyawar kachala ta tare. Haka lantarki yake a cikin waya. Ƙananan ƙwayoyin da ke ɗauke da shi, wato ilektaron, suna karo da ƙwayoyin zarrar ƙarfen da ke kaɗawa, sai wani kaso na ƙarfin ya zama zafi ya salwanta. Shi ya sa cajar waya ke ɗumi, taransifoma kuma ke zafi.

A 1911, Heike Kamerlingh Onnes na Jami'ar Leiden a Holan ya sanyaya zaiba har zuwa digiri 269 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salshiyas, sai ya ga turjiyar ta ɓace baki ɗaya. Lantarki yana gudu ba tare da asarar komai ba. Sai a 1957 John Bardeen da Leon Cooper da Robert Schrieffer suka bayyana dalili: a cikin matsanancin sanyi, ilektaron suna haɗuwa bibbiyu, kaɗawar ƙwayoyin ƙarfen ce ke ɗaure su, sannan dukkansu su riƙa tafiya tare bai ɗaya ta yadda babu abin da ke iya tare ɗaya shi kaɗai.

Wannan bayani ya zo da wani hukunci. Kowane ilektaron tamkar ɗan ƙaramin maganaɗisu ne, kuma a cikin kowane biyu, ɗaya yana fuskantar sama, ɗaya ƙasa. Maganaɗisu mai ƙarfi yana tilasta musu fuskantar wuri guda, sai auren ya mutu. Saboda haka masana suka daɗe suna ɗaukar cewa maganaɗisu da sufakondakta ba sa ga maciji da juna.

Inda lissafin ya sauya

A 1979, Frank Steglich a Jamus ya samu wannan hali a wani haɗin ƙarfe mai ɗauke da siriyom, wanda ƙwayoyinsa ke da ɗabi'ar maganaɗisu. A 1986, Georg Bednorz da Alex Müller na cibiyar binciken IBM da ke Zurich suka gano shi a wani haɗin tagulla mai kama da tangaran, aka ba su Nobel a shekara mai bi. A 1987 aka samu ɗan uwansa da ke aiki a digiri 180 ƙasa da sifiri. Wannan babban ci gaba ne, domin ruwan iskar naitirojin, wanda ke tafasa a digiri 196 ƙasa da sifiri, ya isa ya sanyaya shi, kuma ya fi ruwan hiliyom araha nesa ba kusa ba.

Daga nan abin ya ƙara ɗaure kai. A 2000, masana a Jami'ar Cambridge ta Ingila sun nuna cewa wani haɗin yuraniyom da jamaniyom yana zama sufakondakta idan aka matse shi, alhali yana nan a matsayin maganaɗisu. A 2008, Hideo Hosono a Japan ya samu hakan a haɗin da ke ɗauke da baƙin ƙarfe, uban maganaɗisu kansa. A 2019 masu bincike a jihar Maryland ta Amurka suka bayyana wani haɗin yuraniyom da teluriyom da ke jure maganaɗisu mai tsananin ƙarfi, a 2023 kuma masanan Jami'ar Sun Yat-sen ta Sin suka samu haɗin nikel da ke aiki a kusan digiri 193 ƙasa da sifiri a ƙarƙashin matsi mai yawa.

Da yawa daga masanan fannin suna ganin cewa a irin waɗannan ƙarafa, motsin maganaɗisun kansa ne ke ɗaure ilektaron bibbiyu. Har yanzu ba a cimma matsaya guda ba, musamman kan haɗin tagulla, kusan shekara 40 bayan gano shi. Hanyar warware gardamar ita ce zana taswirar yadda ilektaron suke jere a cikin ƙarfen: wane mataki na ƙarfi suke iya hawa, ta wace hanya suke iya bi, wace ce a toshe. Ana yin hakan ta hanyar haska ƙarfen da haske mai tsanani a manyan cibiyoyin da ake kira sinkirotiron, ko sanya shi cikin maganaɗisu mai ƙarfi, ko kuma ta lissafin kwamfuta.

Kada a sayar mana da mafarki

Wannan fanni yana da 'yan talla. A Yulin 2023, wasu masu bincike daga Koriya ta Kudu sun ce sun samu sufakondakta mai aiki a yanayin ɗaki, mai suna LK-99. Cikin 'yan makonni ɗakunan gwaji a ƙasashe daban-daban suka nuna ba haka ba ne. Mujallar Nature ma ta janye maƙaloli biyu na Ranga Dias na Jami'ar Rochester, ɗaya a 2022, ɗaya a 2023, kan irin wannan iƙirari.

Wayoyin sufakondakta na raba wuta suna nan, amma gajeru ne. Wadda aka binne a birnin Essen na Jamus a 2014 tsawonta kilomita ɗaya ne, kuma sai da ruwan naitirojin take aiki. Matsalar wutar Najeriya kuwa galibinta ba daga zafin waya take ba. Ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200 tana raba abin da bai cika wuce megawat 5,000 ba, saboda bashin iskar gas, da tsofaffin taransifomomi, da masu sare turakun wuta, da kuɗin da ba a karɓowa. Duk ɗan takarar da ya zo a 2027 da alƙawarin cewa wata sabuwar fasaha za ta share wannan a dare ɗaya, a tambaye shi mita nawa ya sa a unguwarsa.

Ma'adinin namu, na'urar tasu

Inda maganar ta fi taɓa mu shi ne asibiti da rami. Galibin na'urorin ɗaukar hoton cikin jiki na MRI suna aiki ne da wayar sufakondakta da aka yi da haɗin niyobiyom da titaniyom, a nutse cikin ruwan hiliyom. Irin wannan waya ce ke cikin babbar na'urar binciken CERN da ke kan iyakar Faransa da Suwizalan. Idan wuta ta ɗauke na tsawon lokaci, na'urar sanyayawa ta tsaya, hiliyom ɗin yakan ƙone ya bi iska, sai an sake sayo shi daga waje da dala. Wannan yana cikin abin da marar lafiya ke biya idan aka yanka masa kuɗin hoto.

Niyobiyom kuwa ana samun sa ne daga ma'adinai irin su kwalambait. A shekarun 1950, Najeriya ce kan gaba a duniya wajen fitar da kwalambait, daga tuddan Jos. Duwatsun Riruwai da ke ƙaramar hukumar Doguwa a kudancin Kano, inda kakanninmu ke narka kuza tun kafin zuwan Turawa, suna ɗauke da shi. Yau Birazil ce ke samar da kusan kashi 90 cikin ɗari na niyobiyom ɗin duniya, kuma tana tace shi a gida kafin ta sayar. Mafi yawansa ana zuba shi ne a ƙarfen gini da bututu, kaɗan ne ke shiga wayar sufakondakta, amma wannan kaɗan ɗin shi ne mai tsada. Namu yana fita a buhu, a matsayin ƙasa. Labarin yuraniyom ɗin Arlit a Nijar bai bambanta da wannan ba.

Ƙofar da ke buɗe

Afirka ce kaɗai nahiyar da mutane ke zaune da ba ta da sinkirotiron, alhali Jodan ta buɗe cibiyar SESAME a 2017 tare da maƙwabtanta. Babu mai hankalin da zai ce Kano ta gina irin wannan gobe. Amma lissafin tsarin ilektaron a kwamfuta, wanda ya samo asali daga aikin da ya ba Walter Kohn kyautar Nobel a 1998, bai buƙatar biliyoyi. Manhajar Quantum ESPRESSO kyauta ce. Tun 2010 ake gudanar da makarantar ASESMA don horar da matasan Afirka a wannan fanni, an fara a Afirka ta Kudu, an kuma yi a Kenya da Ghana da Habasha, da goyon bayan cibiyar fiziks ta Trieste da Abdus Salam ya kafa a 1964. Abin da ɗalibin Jami'ar Bayero ko ta Aliko Dangote da ke Wudil yake buƙata shi ne rukunin kwamfutoci da wutarsu ba ta yankewa, da intanet, da malamin da ba ya yajin aiki na wata takwas kamar yadda aka yi a 2022. Irin wannan ɗaki 'yan kilowat gommai yake ci, abin da bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na tashar hasken rana mai megawat 10 da aka ƙaddamar a Kumbotso a Janairun 2023 ba.

Kano ta taɓa yin irin wannan dogon tunani. An kammala dam ɗin Tiga a 1974, a zamanin Audu Bako, kuma ruwansa ne har yau ke ciyar da Kura da Bunkure da Garun Malam. A 1977 aka buɗe makarantun sakandaren kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, lokacin da jihar ke ƙarancin likitoci da injiniyoyi 'yan asalinta. Waɗanda suka yanke shawarar ba su ga ribarta a kan mulki ba, sai bayan shekaru aka ga ɗaliban a asibitoci da jami'o'i.

Gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi a Yunin 2024, Dokar Lantarki ta 2023 kuma ta ba jihohi damar tsara kasuwar wutarsu. Tarayyar Afirka ta daɗe da neman ƙasashe su ware kashi ɗaya cikin ɗari na arzikinsu ga bincike, Najeriya kuwa ba ta kusanci hakan ba. Saboda haka akwai tambayoyin da matasa ke da haƙƙin neman amsarsu a rubuce. Nawa aka ware wa ɗakunan gwaje-gwaje na makarantun kimiyya, nawa kuma aka saki? Malaman fiziks nawa ne a Dawakin Kudu, ga ɗalibai nawa? Su wa ke riƙe da lasisin haƙar ma'adinai a Riruwai, kuma akwai sharaɗin tacewa a gida a cikin yarjejeniyar? Daga kuɗin bincike na TETFund, nawa ya isa sashen fiziks na jami'o'in jihar?

Babu wanda zai iya cewa yaushe za a warware sirrin waɗannan ƙarafa, ko a wace ƙasa. Abin da ke hannunmu shi ne ko za a samu ɗan Kura ko 'yar Bunkure a cikin masu lissafin, ko kuwa za mu ci gaba da loda buhunan ƙasa a mota muna jiran na'ura daga waje. Hausawa sun ce tun ran gini, tun ran zane, kuma kasafin kuɗin da majalisar dokokin jiha ke dubawa kowace shekara shi ne wurin da za a fara neman amsa.