Garin nano daga ganyen zogale: fata ne, amma bai zama magani ba tukuna

A watan Satumba na 2024, ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya sun yi alƙawarin rage mace-macen da ke da nasaba da ƙwayoyin cuta masu bijire wa antibiyotik da kashi 10 cikin 100 kafin 2030. Binciken da mujallar The Lancet ta fitar a 2022 ya nuna cewa irin waɗannan ƙwayoyi sun kashe mutane miliyon 1,27 a 2019, kuma idan aka auna da yawan jama'a, a Afirka ta Yamma abin ya fi tsanani. Wannan ne ya sa masu bincike ke neman sabuwar hanya, har cikin ganyen zogale da na dogon yaro.

Ga yadda ake yi: a tafasa ganye, a tace, a haɗa ruwan da gishirin tutiya, sannan a gasa abin da ya kwanta da wuta mai ƙarfi. Sai a samu farin gari, dangin wanda ke cikin man shafawa na kurjin jarirai, amma ƙwayoyinsa ba su wuce nanometa 100 ba. Kaurin silin gashi ɗaya ya kai wajen nanometa 80.000. Sinadaran ganyen ne ke hana ƙwayoyin dunƙulewa, don haka ana rage amfani da wasu sinadarai masu guba da tsada.

A ɗakin bincike, wannan gari yana hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa: yana lalata fatarsu, yana kuma sakin tutiya a cikinsu. To amma a nan gizo ke saƙa. Abin da ke lalata ƙwayar cuta yana iya lahanta ƙwayar jikin mutum idan ya yi yawa. Sannan ganyen damina da na rani ba ƙarfinsu ɗaya ba, girman ƙwayoyin garin ma sai ya bambanta. Magani kuwa dole ya fito iri ɗaya a kowane lokaci.

Maganin nano yana yiwuwa. Tun 2009 Amurka ta amince da allurar Feraheme, mai ɗauke da ƙananan ƙwayoyin ƙarfe, don ƙarancin jini ga masu ciwon ƙoda. Sai dai a masana'anta aka haɗa ta, kuma sai da aka gwada ta a kan marasa lafiya. Yawancin ayyukan ganye har yanzu suna matakin faranti ne ko na ɓeraye.

Don haka, duk wanda ya tallata muku gari ko ruwa a kasuwa da sunan «nano», ku riƙe kuɗinku. Abin da ke hannunmu yau shi ne daina sayen kafso a faifan ƴan talla, da shan antibiyotik yadda likita ya rubuta.