Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi: alkahura a gasar rawar yara

Duk wanda ya san karkarar Filinge ya san yaro ba ya jiran malami kafin ya koyi adungure. Rairayin Dallol Boso, tun daga Damana har cikin ƙasar Kurfai, shi ne makarantarsa ta farko. In farin wata ya fito, ƴan maza su kama langa da kokowa da alkahura, ƴan mata su kafa da'irar gaɗa, ɗaya ta saki jiki ta faɗa da baya, sauran su tare ta su cilla ta sama. A dandali ba a ba kowa maki, wanda ya gaji kuma sai ya koma gefe ya zauna. Maganar da wannan fili zai duba a wannan mako tana farawa ne ranar da aka ɗauko wasan nan aka kai shi gaban alƙalan gasa.

Mutanen Damana suna da hannu a tarihin wannan al'amari. Janar Seyni Kunce, wanda aka haifa a Fandu cikin kanton na Tondikanja a 1931, ya karɓi mulki ranar 15 ga Afrilu 1974, ya kuma mai da Samariya ginshiƙin tafiyar da matasa. A zamaninsa ne aka fara gasar kokowa ta ƙasa a Tawa a 1975, inda Kantu na Maraɗi ya yi nasara, aka kuma buɗe bikin matasa na ƙasa a Damagaram a 1976. Ƙungiyoyi kan fafata tun daga gunduma zuwa jaha, waɗanda suka yi zarra su je su wakilci jaharsu a waƙa da wasan kwaikwayo da rawar da ake kira bale. Bayan rasuwarsa a 1987 bikin ya yi rauni, amma al'adar gasa ba ta mutu ba: an gan ta a wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci da Yamai ta karɓa a Disamba 2005, da bukukuwan 18 ga Disamba da Tilaberi ta karɓa a 2008 da 2019.

Shigar da alkahura cikin rawar gasa ba a Nijar ta faro ba. Ƙungiyar Ballets Africains da Fodeba Keita ya kafa a Paris, wadda ta zama ta ƙasar Gine bayan ƴancin kai na 1958, ta zagaya duniya da rawa mai haɗe da tsalle da juyi a sama, ƙasashe da dama kuma suka yi koyi da ita. A ƙasar Hausa ma akwai rawar Koroso ta Kano, mai lanƙwasa jiki da hawa kafaɗar juna. Amfanin abin ba ɓoyayye ba ne. Yaron da ya iya tsayuwa bisa hannu yana da ƙarfin kafaɗa da ƙugu, ya san yadda ake faɗuwa ba tare da rauni ba, ba ya kuma tsoron taro.

Inda gizo ke saƙa shi ne wajen maki. Ƴan kallo sun fi yi wa tsalle guɗa bisa ga takun da ya dace da kiɗa, alƙalai kuma mutane ne, sowar jama'a tana shiga kunnensu. Da mai horarwa ya lura da haka, sai ya rage lokacin koyon taku ya ƙara na alkahura, ya nemo yaro mafi ƙanƙanta a ɗora shi can ƙololuwa saboda rashin nauyinsa. Sau da yawa shirin kan fara ne gasa saura mako biyu, alhali ba a fafe gora ranar tafiya. Daga nan kuma a ɗauki yaron da ya saba da rairayi a tsayar da shi bisa daɓen siminti.

Gaskiya ne icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, sai dai ɗanyen icce ma yana tsagewa. Likitoci sun bayyana cewa a bakin kowane dogon ƙashi na yaro akwai guringuntsi mai taushi, wanda daga nan ƙashin ke tsawo, kuma ba ya gama ƙosawa sai wajen shekara 14 zuwa 16 ga mace, 16 zuwa 18 ga namiji. Yawan dirowa bisa tafin hannu yana iya lahanta wannan wuri a wuyan hannu, har ƙashin ya tsaya da girma. Yawan gantsarewa kuwa yana iya tsaga ƙashin ƙugu, ciwon ya daɗe ana ɗaukarsa gajiya ce. Karayar hannu maɗori ko asibitin Filinge na iya ɗora ta. Amma wanda ya diro bisa wuya har laka ta taɓu, sai an dangana da Yamai, tafiyar kimanin kilomita 180 daga Filinge, kuma ko an isa ba lalle ƙafa ta sake takawa ba.

Ƙasashen da suka fi kowa kayan aiki sun riga sun ɗanɗana wannan. A 1976 Nadia Comaneci ta Rumaniya, tana da shekara 14, ta ci maki 10 cif a wasannin Olamfik na Montreyal, masu horarwa kuma suka ƙara raja'a ga ƙananan ƴan mata. A 1980 Elena Mukhina ta Tarayyar Sobiyet, zakarar duniya ta 1978, ta karye a wuya wajen gwada wata alkahura mai haɗari tun ƙafarta da ta karye ba ta gama warkewa ba, ta zauna a shanye har rasuwarta a 2006. Tun daga 1997 hukumar jimnastik ta duniya ta ƙayyade shekara 16 ga yarinyar da za ta shiga gasar manya. Masu katifu da likitoci a bakin fili ne suka ga wajabcin wannan iyaka.

Gyaran bai fi ƙarfin kowa ba. Ma'aikatan ilimi da na al'adu, waɗanda su ne ke tsara sharuɗɗan gasa, su rubuta a fili cewa mafi yawan maki na bin kiɗa ne, da haɗin kan ƙungiya, da asalin rawar, ko bitti ce ta Zabarmawa ko takai ta Hausawa, a bar wa alkahura ɗan kaso kaɗan. A raba yara bisa shekaru, ƙanana su tsaya ga adungure da tsayuwa bisa hannu, juyi a sama da hawa kafaɗa sai waɗanda suka tasa, kuma da babba a kusa mai tarewa. Yaron da ya ce wuri kaza na yi masa ciwo a sallame shi ba tare da gori ba. Ƴan kasuwa da ke ba da kyautar jika goma ko ashirin su fara tambaya bisa me yaran za su diro. Amalanke biyu na rairayi ba su kai kuɗin anko ba.

Nijar ta amince da yarjejeniyar haƙƙin yara ta 1989 tun 1990, kuma sashe na 31 ya ba yaro haƙƙin wasa da na hutu gaba ɗaya. A 2022 da 2023 rashin tsaro ya rufe ɗaruruwan makarantu a jahar Tilaberi, saboda haka duk inda aka samu sararin kafa kiɗa yara suka taru, abin farin ciki ne da ya cancanci a kiyaye shi. Uban da ya ba da aron ɗansa domin ya fito da sunan gari, haƙƙinsa ne a mayar masa da shi yana tafiya da ƙafafunsa. Allah shi raya zuri'a, shi kuma ba magabata ikon lura.