Taba Sigari Da Jinin 'Ya'yanmu

Ya 'yan'uwa malamai da fatake, ina da magana a kan taba sigari, wadda ba ta yankewa a bakin direbobi da 'yan kasuwa a nan Kusa.

Akwai cuta ana ce da ita sankarar jini. Daga ɓargo take tashi, wurin da Allah Yake ƙagar jini. Yaro ya yi fari fat, zazzaɓi ya ƙi sauka, dasashi na zubar jini, a yi ta ba shi maganin shawara a banza. A cikin hayaƙin taba akwai dafi mai suna benzin, irin wanda ke cikin man fetur da muke gani a jarka, kuma likitoci sun tabbatar yana kawo wannan cuta. A 2004 hukumar binciken sankara da ke Liyon ta ƙasar Faransa ta yanke cewa taba na jawo wa mai shanta wani nau'i nata.

To, yara fa? A nan sai mu yi adalci, don mu almajirai mun san bambancin yaƙini da zanni. Da hukumar ta sake zama a 2009, ta sami yaƙini cewa shan tabar iyaye na kawo wata sankarar hanta ga jarirai. A kan sankarar jini kuwa zanni ta samu, kuma ya fi karkata ga uba wanda ke sha tun kafin a ɗauki ciki, domin dafin na taɓa maniyyi.

Wannan shi ya tsayar da ni. Mai gida yakan ce ai a zaure yake sha, ba a ɗaka ba. Madalla, ya rage wani abu. Amma zaure bai kare abin da ya riga ya shiga jikinsa ba. Attajirin da aka ce masa wataƙila akwai ɓarayi a hanya ba ya jiran yaƙini kafin ya sake hanya. Ɗansa ya fi kayansa.

Dokar Nijeriya ta 2015 ta hana sayar da taba kara-kara, ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba. Duk da haka yaro ake aika ya sayo. Ni dai na hana a aiki almajiraina.

Haza wassalamu.