Me Ke Sa A Daɗe Ana Tunawa Da Tauraron Wasa?

Ya kai ɗalibi, kafin mu yi nisa, ya kamata mu bambanta abu biyu da mutane kan haɗa su. Akwai ɗan wasa, wato mutumin da ake ɗaukar hotonsa, wanda yake da gidansa da iyalinsa kamar kowa. Akwai kuma tauraro, wanda a nazarin adabin Hausa yake nufin mutumin cikin labari, wanda aka ƙaga aka ba shi suna da hali. Rabilu Musa ɗan wasa ne, Ibro kuwa tauraro. Usman Baba Pategi ɗan wasa ne, Samanja kuwa tauraro. A kan tauraro za mu yi magana.

Tun daga shekarar 1990, lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da fim ɗin Turmin Danya, an yi dubban finafinan Hausa. Kowane ɗaya daga cikinsu yana da taurarinsa. Amma gwada ka lissafa sunayen taurari goma daga finafinan da ka kalla bara. Mai yiwuwa sunayen 'yan wasan za su zo maka, na taurarin kuwa sun ɓace. Duk da haka akwai wasu 'yan kaɗan da shekaru suka kasa shafe su. Me ya bambanta su da sauran?

Ra'ayina shi ne, tauraro yana daɗewa a zukatan mutane idan yana da hali tsayayye wanda mai kallo ya riga ya san irinsa a unguwarsu, kuma ana jin wannan hali a bakinsa da zarar ya yi magana. Kyawun fuska da tsadar tufafi suna jan ido na ɗan lokaci. Hali kuwa zanen dutse ne, in ji Hausawa.

Wannan ba sabon abu ba ne. Tun kafin a san talabijin, Hausawa suna da tauraron da ya fi kowa daɗewa, wato Gizo na tatsuniya. Babu wanda ya taɓa ganin hotonsa, amma kowane yaro ya san shi. Wayo gare shi da kwaɗayi, kuma sau da yawa kwaɗayin ne yake kai shi ya baro. Bayan haka yana da tsamin baki, ba ya furta wasu sautuka daidai. Idan kaka tana ba da tatsuniya ta sauya murya, yara sun san Gizo ya iso tun kafin a ambaci sunansa. To, ka ga abubuwa uku ke nan: hali sananne, da aibin da ke jawo wa mai shi wahala, da salon magana na musamman.

Yanzu mu auna Samanja da wannan ma'auni. Usman Baba Pategi Banufe ne, ɗan gidan sarautar Pategi da ke jihar Kwara a yau. Ya yi aikin soja, ya kuma yi aiki a gidan rediyon Kaduna. A shirinsa mai suna Samanja Mazan Fama, ya fito a matsayin babban soja mai tsawa, wanda yake son komai ya tafi bisa oda, a bariki da ma cikin gida. Sunan kansa ya samo asali ne daga muƙamin saja-manjo. Hausarsa ita ce wadda ake kira Barikanci, wato Hausar da sojoji 'yan ƙabilu daban-daban suke fahimtar juna da ita, gauraye da kalmomin Ingilishi. Wannan harshe ya sa duk wanda ya taɓa zama da soja ya gane shi nan take. Ɗan wasan ya rasu a Kaduna a watan Nuwamba na 2023, amma har gobe idan maigida ya cika tsawa da kafa doka, sai ka ji an ce, "Kai, wannan ai Samanja ne."

Ka lura da wannan jimla da kyau, domin ita ce babbar jarrabawa. Tauraro ya ci nasara ne ranar da sunansa ya fita daga akwatin talabijin ya shiga bakin jama'a, ya zama kalmar da ake siffanta mutane da ita. A nan unguwar Dawaki cikin garin Gombe, inda nake koyarwa, kamar yadda yake a wurare da dama, yaron da ya cika barkwanci a aji ba ya rasa wanda zai laƙaba masa Ibro.

Shi Ibro, yadda Rabilu Musa ya fito da shi, talaka ne mai neman na abinci ta kowace hanya. Yau malami ne, gobe mawaƙi, jibi mai gadi. Yakan shiga sana'ar da bai iya ba, ya cika baki, asirinsa ya tonu, ya tsere. Sana'a tana sauyawa, halin yana nan yadda yake. Shi ya sa aka riƙa sanya sunansa a gaban sunayen finafinai, kamar Ibro Awilo da Ibro Aloko, domin mai saye ya san abin da zai tarar. Idan ka duba da kyau, Ibro jikan Gizo ne da ya shigo birni. Talaka yana dariyarsa ne saboda yana ganin faɗi-tashinsa a jikinsa. Rabilu Musa ya rasu ranar 10 ga Disamba, 2014, amma yaran da aka haifa bayan nan ma sun san Ibro.

Haka abin yake a shirye-shirye masu dogon zango na wannan zamani. A shirin Daɗin Kowa na tashar Arewa24, an gina wani gari na ƙage, aka zuba masa mutanen da kowa ya sani: mai shayi, da mai gadi, da malamin tsangaya, da miji da mata masu yawan faɗa. Kamaye da matarsa Adama ba su da dukiya, ba su sa kaya masu ƙyalli, amma sun shiga ran masu kallo har sunan Kamaye ya rufe sunan ɗan wasan, Ɗan'azumi Baba. A shirin Labarina na Aminu Saira kuwa, labarin soyayya ne a gaba, amma mutane da yawa sun fi riƙe Baba Ɗan Audu, dattijon nan mai son abin duniya da zaƙin baki, wanda Rabi'u Rikadawa ya fito a matsayinsa.

Wani zai ce, "Malam, ka cika dogara da magana. Ina ka baro taurarin da ba sa magana?" Wannan tambaya tana da ƙarfi. Charlie Chaplin ya ƙago tauraronsa mai 'yar hula da sanda da manyan takalma a Amurka a shekarar 1914, zamanin da fim ba shi da murya, kuma duniya ba ta manta da shi ba. Mista Bean na ƙasar Ingila, wanda aka fara nunawa a 1990, da ƙyar yake furta kalma. Amsata ita ce, waɗannan ma suna magana, sai dai da jiki suke yi. Tafiyarsu da kallonsu da suturarsu duk suna faɗin hali ɗaya, ba sa saɓa wa juna. Ashe dai halin shi ne tushe, harshe da jiki kuwa hanyoyin bayyana shi ne.

Wani kuma zai ce farin jinin ɗan wasa ne ke ɗaga tauraro. Gaskiya ne fitaccen ɗan wasa yana jawo masu kallo. Amma sau nawa ka ga shahararren ɗan wasa ya fito a fim goma, kuma ka kasa tuna sunan da aka ba shi ko a guda ɗaya? Dalili shi ne a duk finafinan kusan mutum ɗaya ne: saurayi mai kuɗi da mota, ba shi da aibi, maganarsa irin ta kowa. Wanda ba shi da aibi ba ya kama da kowa a cikinmu, don haka ba shi da wurin zama a ƙwaƙwalwa. Ko mugu ma yakan fi shi daɗewa. Masu kallon finafinan Indiya a ƙasar Hausa har yanzu suna tuna Gabbar, ɗan fashin fim ɗin Sholay na 1975, saboda dariyarsa da yadda yake jan magana kafin ya aikata mugunta.

Akwai wani gargaɗi da ya zama dole in yi, domin ya shafe ka kai tsaye. Da yake salon magana yana sa a tuna tauraro, wasu masu shirya fim sun ɗauki gajeriyar hanya. Sai su kawo Bafulatani ko Bayarabe ko Inyamuri ko Bagwari, su sa shi karya Hausa, ba don komai ba sai don a yi masa dariya. Irin wannan tauraro ba shi da hali, karin harshe kawai gare shi, kuma abin da yake koya wa yara shi ne raina wanda Hausa ba harshen uwarsa ba ce. A jiha irin Gombe, inda Fulani da Tangale da Tera da Waja da Bolawa da sauransu suke haɗuwa a kasuwa ɗaya da aji ɗaya da Hausa, wannan ba ƙaramar ɓarna ba ce. Samanja ya sha bamban da haka. Hausarsa ba ta Kano ba ce, amma shi ne mai ba da oda, yana da mutunci, yana da tausayi a ƙarƙashin tsawarsa. An yi dariya tare da shi, kuma an girmama shi.

Saboda haka, ya kai mai koyon Hausa, kada karin harshenka ya sa ka kunyar buɗe baki. Mutumin da ya taso da Nufanci ya bar wa Hausawa ɗaya daga cikin taurarin da suka fi ƙauna. Idan kuma ka zauna kallo, ka kalla da kunne kamar yadda kake kallo da ido. Ka zaɓi tauraro guda, ka tambayi kanka: mene ne halinsa? Wane aibi ne yake jefa shi cikin wahala? Waɗanne kalmomi ya fi amfani da su, kuma yaya yake gaida na gaba da shi? Wa ka sani a unguwarku mai kama da shi? Idan ka sami amsar waɗannan tambayoyi cikin sauƙi, to, marubucin ya yi aikinsa, kai kuma ka ƙaru da Hausa. Idan kuwa ka rasa amsa, komai kyan hoton, wannan tauraro ba zai kai baɗi ba.