Mu Dubi Yadda Katolika Suka Riƙe Maganar Zubar Da Ciki

Saƙon yau yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe, wadda ba ta iya karatu a karanta mata.

Duk sanda maganar zubar da ciki ta taso, sai ku ji wasu a cikinmu suna cewa ai wannan rigimar coci ce da Turawa, ba ruwanmu. Wasu kuma, musamman mazanmu masu neman kujera, ba sa tunawa da ita sai sun hau mumbarin kamfe, su yi ta Allah wadai a tafa musu, su sauka su shige mota. Duka biyun ban yarda da su ba. Don ku gane dalilina, bari in ba ku labarin mutanen da suka fi kowa daɗewa a wannan fage, wato mabiya ɗarikar Katolika.

Matsayinsu a fili yake. A wurinsu rai yana farawa ne tun ranar da ciki ya shiga, kuma kashe shi da gangan haramun ne ko da wane dalili. Fafaroma John Paul na Biyu ya sake jaddada haka a wasiƙarsa ta 1995. Mu Musulmi, malamanmu suna da bayani game da watannin farko da kuma halin da ran uwa yake cikin haɗari, don haka ba a komai muka zo ɗaya ba. Amma ni abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda suka yi aiki.

A Amurka, ranar 22 ga Janairun 1973, Kotun Ƙoli ta halatta zubar da ciki a duk faɗin ƙasar. Wata lauya 'yar Katolika mai suna Nellie Gray ta tara mutane suka yi tattaki a Washinton ranar da hukuncin ya cika shekara ɗaya. Mace ce fa, kamar ni da ke. Daga nan kowace shekara sai sun fito, a tsakiyar hunturu. Ta rasu a 2012 ba ta ga sakamako ba, waɗanda ta bari suka ci gaba. Ba tattaki kaɗai ba: sun horar da lauyoyi, sun bi zaɓen 'yan majalisa ɗaya bayan ɗaya, sun sa ido kan wanda za a naɗa alƙali. Sai ranar 24 ga Yunin 2022 kotun ta soke wancan hukunci, ta mayar wa jihohi ikon yanke shawara. Shekara 49 ke nan. Mu kuwa in aka hana mu atamfa da kuɗin mota a taro ɗaya, sai mu ce mun bar tafiyar!

Ba sai mun je Amurka ba ma. A jihar Imo an sa hannu kan wata doka a 2012 wadda wani sashenta ya buɗe ƙofar zubar da ciki. Da likitocin Katolika da Akbishop Anthony Obinna na Owerri suka tashi tsaye, a 2013 Gwamna Rochas Okorocha ya ba da haƙuri, aka janye. A Legas, gwamnati ta fitar da ƙa'idojin zubar da ciki a asibitoci a ƙarshen Yunin 2022, cocin Katolika na cikin waɗanda suka yi ca, cikin 'yan kwanaki Gwamna Sanwo-Olu ya dakatar da su. Me ya sa aka saurare su? Saboda sun karanta takardar, sun san lambar sashen, kuma gwamna ya san suna da ƙuri'a. Ku gaya mini tsakani da Allah, mu nawa ne a nan muka san cewa dokar Penal Code da ake aiki da ita a Arewa ta hana zubar da ciki sai don ceton ran uwa, kuma hukuncin yana iya kaiwa ɗaurin shekara 14? Mu nawa muka san Najeriya ta amince da yarjejeniyar Maputo ta 2003, wadda sashe na 14 nata ya nemi a ba da dama idan fyaɗe ne, ko cikin muharrami, ko lafiyar uwa na cikin haɗari? Ko kina goyon baya ko kina adawa, da sunanki aka sa hannu.

To yanzu ga ɗaya ɓangaren, wanda masu ihun kamfe ba sa so a faɗa.

Ƙasar Ayalan ƙasar Katolika ce ta gidi. A 1983 suka rubuta kare ɗan tayi a cikin tsarin mulkinsu. A watan Oktoban 2012 wata likitar haƙori 'yar asalin Indiya, Savita Halappanavar, ta je asibiti a garin Galway cikinta na wata huɗu yana ɓarewa. Ta nemi a cire, aka ce sai zuciyar ɗan ta daina bugawa. Ana cikin jira cuta ta shiga jininta, ta rasu. Ba a samu ɗa ba, ba a samu uwa ba. Mutuwar matar nan ta girgiza ƙasar, kuma a 2018 kusan kashi biyu cikin uku na masu ƙuri'a suka goge wancan sashe. Abin da aka gina shekara 35 ya rushe, kuma hoton mace ɗaya da aka bari ta mutu yana cikin abin da ya rusa shi. Alhali ko a koyarwar cocin, an yarda a yi wa uwa maganin da zai ceci ranta ko da ɗan ba zai tsira ba, muddin ba shi aka nufa da kisa ba, kamar cikin da ya zauna a wajen mahaifa.

Masu hankali a cikinsu sun daɗe da gane wannan. Shi ya sa a 1991 Kadinal John O'Connor ya kafa ƙungiyar sistoci a birnin New York, aikinsu su karɓi mai cikin da ba ta da wurin zuwa, su ba ta ɗaki da abinci har ta haihu. A 2016 Fafaroma Francis ya bai wa kowane fada izinin karɓar tuban macen da ta zubar, don kada a rufe mata ƙofa. Sun ce laifi ne, amma ba su jefar da mai laifin a titi ba.

Mu fa? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mata kusan 82,000 suka mutu a Najeriya wajen ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya. Kowace a cikinmu ta san gidan da aka yi wannan makoki: zubar jini, jijjiga, doguwar naƙuda, babu mota, babu jini, babu ma'aikaciya da dare. A Abuja aka yi alƙawari a 2001 cewa za a ware wa lafiya kashi 15 na kasafin kuɗi, har yau gwamnatin tarayya ba ta kai ba. Wanda ya hau mumbari yana rantsuwa yana kare jinjirin da ke ciki, amma asibitin mazaɓarsa da fitilar waya ake karɓar haihuwa, wallahi ba jinjiri yake so ba, ƙuri'arki yake so.

Sannan mu ma mata mu faɗa wa kanmu gaskiya. Yarinya 'yar shekara 15 an yi mata fyaɗe ko an yaudare ta. Wa yake fara kai ta wajen mai kemis a ɓoye don gudun abin kunya? Sau da yawa uwa ce ko gwaggo. Wa yake yi mata habaici a gidan biki in ta haife? Mu ne. Shi kuma wanda ya yi cikin yana yawo da babbar riga, wani lokaci ma da shi ake zaman sulhu. Idan mun ce kar ta zubar, kuma na ce kar ta zubar, to sai mun tanadar mata inda za ta zauna, da wanda zai kai ta awo, da hanyar komawa makaranta. In ba haka ba mun tura ta wurin mai allurar bayan gida da hannunmu, ranar jana'iza kuma mu zo muna salati.

Saboda haka, shugabannin mata na mazaɓu, duk ɗan takarar da ya zo neman goyon bayanmu, na jam'iyyarmu ne ma ba na wata ba, kada a tsaya a shinkafa da turmin zani. A tambaye shi matsayinsa kan dokar zubar da ciki, ya faɗa da bakinsa a gaban mata. A tambaye shi ungozoma nawa ce a asibitin mazaɓarsa, da ko ana kwana. A tambaye shi me zai yi wa mai fyaɗe idan ɗan babban gida ne. Sakatariya ta rubuta amsar da kwanan wata, a turo mini. Kuma a gayyato 'yan uwanmu na zumuntar matan Katolika su zauna a sahun gaba, sun riga mu sanin yadda ake tsare ɗan siyasa da tambaya.

A tura wa sauran zaurukan ƙananan hukumomi.